Gari Ɗaya, Gwamnati Uku: Labarin Rikicin Las Anod

Ran 6 ga watan Fabrairu na shekarar 2023, sarakunan gargajiya na dangin Dulbahante, waɗanda suka yi kwana da kwanaki suna taro a garin Las Anod da ke arewacin ƙasar Somaliya, suka ba da sanarwa cewa su da ƙasarsu ba sa cikin Somaliland, kuma daga ranar nan ba su san wata hukuma ba sai Gwamnatin Tarayya da ke Mogadishu. A wannan rana dai faɗa ya ɓarke tsakanin mayaƙan garin da sojojin Somaliland da ke girke a bayan gari. Kafin watan ya ƙare Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutane fiye da 185,000 sun bar gidajensu, yawancinsu mata da ƙananan yara. Sai da aka yi kusan wata bakwai ana ruwan harsashi da na igwa kafin a sami wanda ya kori wani.

Sunan garin da harshen mutanen ƙasar ma'anarsa rijiyar madara. Ba wani ƙasaitaccen birni ba ne, ba shi da tashar jiragen ruwa, ba shi da masana'antu. Gari ne na makiyaya da 'yan kasuwa a bakin titin kwalta da ya taso daga Burao ya nufi Garowe. Amma a cikin shekara 20 ya sauya hannu har sau uku, kuma kowane lokaci waɗanda suka karɓe shi cewa suke yi hakkinsu suka karɓa.

Abin da yakan ba mutanen waje mamaki shi ne, Somaliyawa harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, kusan dukkansu Musulmi ne mabiya mazhabar Shafi'i, al'adunsu kuma ɗaya. Wanda ya saba jin cewa yawan harsuna ne ke hana ƙasashen Afirka zaman lafiya, to ga ƙasar da ba ta da wannan matsala amma ta fi shekara 30 ba ta haɗu a ƙarƙashin gwamnati guda ba. Abin da ya raba su shi ne dangantaka ta wajen uba. Kowane yaro yana tashi ne da haddar sunayen kakanninsa, ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga kakan da dangin ya samo suna daga gare shi. Da wannan lissafi ne mutum yake sanin wanda zai tsaya masa in an zalunce shi, da kuma waɗanda za su haɗa hannu su biya diyya in shi ya yi kisa, watau raƙuma 100 a kan ran namiji bisa ga al'adarsu. A ƙasar da makiyayi ke tafiyar kwanaki bai ga ɗan sanda ba, dangi shi ne hukuma, shi ne kotu, shi ne kuma rumbun da ake komawa gare shi ran fari. Da gwamnati ta rushe a 1991, ba abin da ya rage a tsaye sai shi.

Iyakar Bature da iyakar jini

Asalin gardamar tun zamanin Turawa ne. Tsakanin 1884 da 1886 Turawan Ingila suka ƙulla yarjejeniyar kariya da dangogin da ke bakin teku a arewa, domin su sami naman da za su ciyar da sojojinsu da ke Aden. Turawan Italiya kuma suka kama gabas da kudu. A 1894 ƙasashen biyu suka shata iyaka a tsakaninsu a takarda, iyakar kuwa ta ratsa ta tsakiyar ƙasar kiwon wani babban dangi da ake kira Harti, wanda reshe ne na Darod. Majerten, waɗanda su ne mafi yawa a cikin Harti, suka faɗa ɓangaren Italiya. 'Yan uwansu Dulbahante da Warsangeli suka faɗa ɓangaren Ingila, tare da dangin Isak waɗanda su ne suka fi kowa yawa a can.

Akwai wani abu da Dulbahante ba sa gajiya da faɗa, kuma gaskiya ne: su ba su taɓa sa hannu a wata yarjejeniya da Ingila ba. Hasali ma su ne ƙashin bayan rundunar Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan, malamin nan da ya yaƙi Turawa tun daga 1899 har 1920, wanda su Turawan suka laƙaba wa suna Mahaukacin Malam. Mahaifiyarsa 'yar Dulbahante ce. A shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa, watau 1903, shi yana can yana fafatawa da su, kuma bai gushe ba sai da Ingila ta kawo jiragen sama suka yi wa ganuwarsa da ke Taleh ruwan bama-bamai a farkon 1920. Kangon ganuwar yana nan har yau a jihar Sool, kuma duk taron da Dulbahante za su yi game da makomarsu sai an ambaci Taleh.

Ƙasar da Ingila ta mallaka ta sami mulkin kai ran 26 ga Yuni, 1960. Bayan kwana biyar, ran 1 ga Yuli, ta haɗe da ɓangaren Italiya suka zama Jamhuriyar Somaliya. A kan waɗannan kwanaki biyar Somaliland ta gina hujjarta duka. Ta ce ita ƙasa ce mai cin gashin kanta da ta shiga haɗaka don ganin dama, ta kuma fita da haɗakar ta zame mata masifa, saboda haka iyakarta ita ce wadda Bature ya bari a 1960, ba ragi. Tana kafa hujja da shawarar da Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta yanke a Alƙahira a 1964 cewa a bar iyakokin mulkin mallaka yadda aka same su. Abin dariya a nan shi ne, a wancan taro Somaliya na cikin waɗanda suka ƙi amincewa da shawarar, domin a lokacin burinta ta tattaro dukkan Somaliyawan Habasha da Kenya da Jibuti a ƙarƙashin tuta guda.

Masifar da Somaliland ke nufi kuwa ba ƙage ba ce. Janar Muhammad Siyad Barre, wanda ya yi juyin mulki a watan Oktoba na 1969, ya fara ne da haramta maganar dangi, amma daga baya mulkinsa ya koma dogara ga dangogi uku na Darod: nasa Marehan, na mahaifiyarsa Ogaden, da kuma Dulbahante, dangin surukinsa Ahmed Sulaiman Dafle wanda ya riƙe hukumar tsaro ta asiri. Da 'yan tawayen SNM, waɗanda akasarinsu Isak ne, suka shiga Hargesa da Burao a 1988, sai gwamnati ta sa jiragen yaƙi da manyan bindigogi suka ragargaza biranen biyu. Dubun dubatar mutane suka halaka, wasu dubban ɗaruruwa suka gudu Habasha. Barre ya faɗi a watan Janairu na 1991, ya ƙare rayuwarsa yana gudun hijira a Ikko, inda ya rasu ran 2 ga Janairu, 1995. Amma ya bar wa arewa gadon rashin yarda: Isak suna tuna ɓangaren da maƙwabtansu suka tsaya a 1988, Dulbahante kuma suna tsoron zama 'yan tsiraru a ƙasar da waɗanda suka yaƙa jiya ke mulki.

Duk da haka dattawan arewa sun yi abin a yaba. Maimakon ramuwar gayya sai suka zauna suka yafi juna, kuma a taron Burao inda aka ba da sanarwar kafa Somaliland ran 18 ga Mayu, 1991, akwai sarakunan Dulbahante a wurin. Har gobe ana gardama a kan abin da suka amince da shi. Hargesa ta ce sun yarda da ɓallewa. Jikokinsu suka ce zaman lafiya suka je nema a gaban mutanen da ke riƙe da bindiga.

Bayan shekara bakwai sai ga mai da'awa na biyu. A watan Agusta na 1998 dangogin Harti suka taru a Garowe suka kafa Puntland, suka naɗa Kanar Abdullahi Yusuf Ahmed shugaba. Puntland ba ta ce ta fita daga Somaliya ba, jiha ce mai mulkin kanta da ke jiran a sake gina tarayya. Iyakarta kuwa ba ta takarda ba ce, ta jini ce: duk inda ɗan Harti yake kiwo, nan ƙasar Puntland ce. Wannan ya haɗa da Sool, da gabashin Sanag, da yankin Buhodle. Ke nan ƙasa guda ta shiga taswira biyu.

Gaba kura, baya sayaki

Shekarun da suka biyo baya sun koya wa 'yan siyasar yankin wata sana'a. Puntland ta ware wa Dulbahante kujerar mataimakin shugaba, Somaliland ita ma tana ba su ministoci da kujeru a majalisa. Wanda ya rasa muƙami a Garowe sai ya kwashi mayaƙan gidansu ya nufi Hargesa, wanda aka ɓata wa a Hargesa ya juya Garowe. Talakan da ke tsakani kuwa bai sami komai ba. Ƙungiyoyin agaji da na raya ƙasa sun daɗe suna kauce wa yankin saboda ba su san wace hukuma za su nemi izini a wurinta ba, don haka aka bar shi baya a wajen asibiti da makaranta da ruwan sha.

A watan Disamba na 2002 Shugaba Dahir Riyale Kahin na Somaliland ya kai ziyara Las Anod, aka yi musayar wuta, ya fita ba shiri. A ƙarshen 2003 sojojin Puntland suka kama garin. A watan Oktoba na 2007 Somaliland ta ƙwace shi, kuma abin da ya sauƙaƙa mata shi ne wani jigo ɗan garin, Ahmed Abdi Habsade, wanda ya riƙe ministan harkokin cikin gida a Puntland, ya ɓata da Garowe ya sauya sheƙa da mutanensa. Daga nan garin ya zauna a hannun Somaliland shekara 15.

A wannan tsakani ne wasu Dulbahante, musamman mazauna ƙasashen waje waɗanda ke aiko da kuɗi, suka fara cewa ba Hargesa ba Garowe, su ma a ba su tasu jihar. A watan Janairu na 2012 aka yi babban taro a Taleh aka kafa abin da aka kira Khatumo. Ba ta yi ƙarfi ba, domin gidajen dangin ba su haɗa baki ba. Shugabanta Ali Khalif Galaydh, wanda ya taɓa zama Firayim Ministan gwamnatin riƙon ƙwarya ta Somaliya, ya gaji ya ƙulla yarjejeniya da Somaliland a garin Ainabo a watan Oktoba na 2017, bisa sharaɗin za a gyara tsarin mulki a yi rabon muƙamai da arziki da adalci. Ya rasu a 2020 ba a cika alkawarin ba. Wannan ita ce babbar damar da Hargesa ta samu ta jawo mutanen gabas da lalama, ta bari ta wuce.

A 2018 kuma aka gwabza a Tukarak, wani ƙaramin ƙauye tsakanin Las Anod da Garowe. Ƙauyen ba shi da komai sai shingen kwastan, amma a ƙasar da gwamnatoci ke rayuwa da harajin kaya, shinge a kan babban titi ba ƙaramin abu ba ne. Ta wannan titi ake wucewa da kayan masarufi, da ganyen nan na taunawa da ake kira kat, da kuma tumaki da awaki da raƙuma da ake kaiwa tashoshin Berbera da Bosaso a loda su zuwa ƙasashen Larabawa, musamman gab da aikin Hajji. Ga kuma maganar man fetur, domin tun kafin 1991 kamfanonin Amurka, irin su Conoco, sun yi bincike a kwarin Nugal. Somaliland ta kama Tukarak a watan Janairu, Puntland ta yi yunƙurin ƙwato shi a watan Mayu, aka kashe sojoji da yawa ta kowane ɓangare, shingen bai motsa ba.

Wata bakwai na wuta

Abin da ya tunzura mutanen Las Anod a ƙarshe shi ne kashe-kashen ɗauki ɗai-ɗai. Shekara da shekaru ana harbe manyan gari, malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata, ba a gane masu yi ba, ba a hukunta kowa yadda zai gamsar da jama'a ba. Ran 26 ga Disamba, 2022, aka harbe wani matashin ɗan siyasa na jam'iyyar hamayya ta Waddani, Abdifatah Abdullahi Abdi, wanda aka fi sani da Hadrawi. Jama'a suka fito zanga-zanga, jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka kashe mutum wajen 20. A farkon Janairu sojojin Somaliland suka janye zuwa barikokinsu na bayan gari. Garad Jama Garad Ali, babban basaraken dangin, wanda ya yi shekaru bai taka garin ba, ya dawo aka yi masa gagarumar tarba, aka buɗe taron da ya kai ga sanarwar 6 ga Fabrairu.

Gwamnatin Shugaba Musa Bihi Abdi ta zaɓi ta yi maganin abin da ƙarfin soja. Daga barikin Gojade da tsaunukan da ke kewaye aka riƙa harba igwa cikin gari. Babban asibitin garin ya sha ruwan wuta ba sau ɗaya ba, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta janye ma'aikatanta a watan Yuli. Ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoto a watan Afrilu cewa an kashe mutum fiye da 100, an raunata fiye da 600. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce wajen mutum 100,000 sun ƙetara zuwa Habasha, ga shi kuwa a lokacin yankin yana fama da fari mafi muni cikin shekaru masu yawa. Hargesa ta ce 'yan Al-Shabab da sojojin Puntland ne ke yaƙarta. Sarakunan garin suka musanta maganar Al-Shabab, Puntland ta ce ba ta tura soja ba, ko da yake ba a ɓoye yake ba cewa 'yan uwa na Harti daga gabas sun kawo gudummawa ta mutane da makamai. Ko a cikin Hargesa abin ya yi tsauri, domin Kakakin Majalisar Wakilai, Abdirizak Khalif, wanda ɗan Las Anod ne, ya ajiye muƙaminsa ya koma wajen mutanensa.

Ran 25 ga Agusta, 2023, barikin Gojade ya faɗi. Mayaƙan garin suka kama ɗaruruwan sojoji, har da Janar Faisal Abdi Botan, suka kwashe motocin yaƙi da makamai. Ragowar rundunar ta ja da baya zuwa wajen garin Og a kan hanyar Burao, watau inda ƙasar kiwon Isak ta fara. Wanda ya dubi inda aka ja daga zai ga ba a kan layin 1894 ba ne. A kan iyakar dangi ne.

Tsugune ba ta ƙare ba

Da a ce gardamar tsakanin Somaliland da Puntland ce kawai, da sai a ce Puntland ta yi nasara. Amma waɗanda suka zubar da jini ba su yi don su miƙa garin ga Garowe ba. Sun kafa hukumarsu mai suna SSC-Khatumo, suka zaɓi Abdulƙadir Ahmed Aw-Ali, wanda ake kira Firdiye, ya shugabance ta, kuma a watan Oktoba na 2023 Gwamnatin Tarayya ta amince da ita a matsayin hukumar riƙon ƙwarya. Mogadishu tana da nata lissafin. Sabuwar jiha a Las Anod tana karya hujjar Somaliland ta cewa tana riƙe da dukkan ƙasar 1960, tana kuma rage wa Puntland ƙarfi, ita Puntland ɗin da ta ba da sanarwa a watan Maris na 2024 cewa ta daina amincewa da Gwamnatin Tarayya saboda saɓani a kan gyaran tsarin mulki. Firayim Minista Hamza Abdi Barre ya ziyarci Las Anod a watan Afrilu na 2025. A watan Yuli aka yi taro aka raɗa wa hukumar sunan Jihar Arewa Maso Gabas, a ƙarshen Agusta aka zaɓi Firdiye shugabanta.

Nan fa aka zo ga inda iyakar jini ke da nata aibin, domin dangi ba ya ƙarewa, kowane reshe yana da rassa. Sabuwar jihar tana da'awar Sanag, amma gabashin Sanag ƙasar Warsangeli ce, su kuwa sun rabu: wasu na tare da Puntland, wasu na son Las Anod, wasu suna hulɗa da Hargesa. Puntland, wadda jiya take kiran Dulbahante 'yan uwa, ta ce ba za ta saki taƙi ɗaya na Sanag ba, har aka yi arangama a garin Dahar a watan Yuli na 2025. Erigabo kuma, babban birnin Sanag, gari ne da Isak da Harti ke zaune tare, unguwa da unguwa, suna auratayya, suna shayar da dabbobi a rijiyoyi ɗaya. A watan Disamba na 2024, kwanaki kaɗan bayan rantsar da sabon shugaban Somaliland Abdurrahman Muhammad Abdullahi Irro, wanda ya kayar da Musa Bihi a zaɓe, faɗa ya tashi a cikin garin, dubban mutane suka gudu, sojojin Somaliland suka riƙe shi. Ba layin da za a ja a Erigabo wanda ba zai ratsa ta tsakar gidan wani ba.

Akwai garin da ya riga ya ɗanɗana irin wannan rabo, watau Galkayo da ke tsakiyar Somaliya. Arewacinsa na Puntland ne, kudancinsa na jihar Galmudug, kowane ɓangare da danginsa da 'yan sandansa da masu karɓar harajinsa. Yarjejeniyar da Janar Muhammad Farah Aidid da Abdullahi Yusuf suka ƙulla a 1993 ta tsayar da yaƙi amma ta bar garin a rabe. An sake gwabzawa a 2015 da 2016, dubun dubatar mutane suka bar gidajensu, sai a 2017 aka cire shingaye aka kafa 'yan sandan haɗin gwiwa. Abin da ya taimaka a can shi ne ɓangarorin biyu duk sun yarda cewa su 'yan ƙasa ɗaya ne, gardamarsu ta iyakar jiha ce. A Sool da Sanag ko wannan ba a yarda da shi ba.

Dadin daɗawa, ran 26 ga Disamba, 2025, Isra'ila ta zama ƙasa ta farko da ta amince da Somaliland a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta, abin da Mogadishu da Tarayyar Afirka suka yi tir da shi. An yi biki a Hargesa. A Las Anod, wanda ke da nisan fiye da kilomita 500 daga can ta mota, amma wajen kilomita 130 kacal daga Garowe, tutar Somaliya mai tauraro guda ce ke kaɗawa. Har zuwa ƙarshen shekarar ba a sa hannu a kan wata yarjejeniyar zaman lafiya tsakanin garuruwan biyu ba, Somaliland ba ta janye da'awarta a kan iyakar 1960 ba, kuma dakarun ɓangarorin biyu suna girke suna kallon juna a kan titin Burao.